Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan Sabunta Kenel



Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya da Nijar, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke birnin Austin a Amurka ya tura wa kwamfutocin abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin fayil, irin wanda ya saba turawa ba tare da kowa ya lura ba. Da ƙarfe 6:27 ya janye shi. Minti 78 ke nan. Amma kwamfutocin da suka karɓi fayil ɗin a wannan ɗan taƙin, kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, duk sun faɗi. Allonsu ya koma shuɗi, in sun sake kunna kansu sai su sake faɗuwa a wuri guda. Tashar talabijin ta Sky News ta ɗauke na wani lokaci, ɗakunan shan magani da dama a Ingila suka kasa buɗe bayanan marasa lafiya, kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashin jirage kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya kuma ce ya tafka asarar dala miliyan 500.

Maganin fa? A shiga kwamfutar ta ƙofar gyara, a je jakar CrowdStrike, a goge fayil guda wanda sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Wahalar ita ce sai da ma'aikata suka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da hannu, domin kwamfutar da ba ta tashi ba, a lokacin ba a iya aika mata gyara ta intanet. Takardu da hotuna da lissafin jama'a kuwa suna nan daram a inda aka bar su.

Binciken da kamfanin ya wallafa daga baya ya nuna cewa fayil ɗin ya sa an nemi bayanai 21, alhali manhajar guda 20 take miƙawa. Da aka je ɗauko na 21, sai aka faɗa wani gurbi na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a da izinin taɓawa. Da a ce manhajar rubutu ce ko ta kallon bidiyo ta yi wannan kuskure, da ita kaɗai za ta rufe, mai kwamfuta ya yi tsaki ya sake buɗe ta. Sai dai direban CrowdStrike a cikin kenel yake aiki.

Kenel shi ne zuciyar babbar manhaja. Shi ke raba wa sauran manhajoji ƙwaƙwalwa da lokacin aiki, shi ke magana da faifan ajiya da allo da madannai da katin intanet, babu mai taɓa ƙarfen kwamfuta sai ta hannunsa. In wata manhaja ta yi kuskure, kenel ne ke kashe ta ya share wurin. In shi ya yi kuskure, babu na sama da shi da zai tsawata, don haka aka tsara shi ya tsaya cik da gangan, kada ya ci gaba da rubutu a faifai cikin ruɗewa ya lalata bayanai. Windows ya daɗe yana nuna wannan tsayawa da shuɗin allo, Linux kuma ya rubuta "Kernel panic". Tsayawar kariya ce ga dukiyar mai kwamfuta, ko da yake a lokacin ba haka yake ganin ta ba.

Wannan lacca za ta fi karkata ga Linux, domin a nan ne mai kwamfuta ke ganin sabunta kenel da idonsa, kuma a nan ne aka bar masa kayan gyara a hannu. Linus Torvalds ya fara rubuta kenel ɗin a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. A yau sabon zubi na fitowa duk mako tara zuwa goma, kowanne ɗauke da canje-canje sama da 10,000, ban da ƙananan gyare-gyaren da ke biyo baya kusan kowane mako. Ubuntu da Debian da Fedora da Linux Mint suna ɗaukar wannan aiki su tace su tura wa masu amfani da su. Wanda ke aiki da ɗaya daga cikinsu zai sabunta kenel sau da yawa a shekara, galibi lami lafiya. Ran da aka samu akasi ne ake gane wanda ya san abin da yake yi.

Abin da ke ci wa mai wannan lacca tuwo a ƙwarya shi ne hukuncin da ake yankewa cikin gaggawa a shagunan gyara da yawa, har ma a ɗakunan kwamfuta na makarantu: "Sai an yi fomat." Ana faɗin haka tun kafin a karanta layi ɗaya na abin da allo ya rubuta. Ɗalibi ya rasa kundin binciken da ya yi shekara yana haɗawa, mai ɗaukar hoto ya rasa hotunan bikin da ya riga ya karɓi kuɗinsu, ɗan kasuwa ya rasa lissafin masu bashi. Mafi yawan wannan asara ba ta da dalili, domin ƙin tashi bayan sabuntawa ba kasafai yake taɓa inda fayilolin mutum suke ba.

Tashin kwamfuta tafiya ce irin ta fatake, zango bayan zango. In ayari bai iso ba, ana bin sawu ne a tambaya a wane zango aka yi masa ganin ƙarshe. Zangon farko manhajar da ke dashe a jikin uwar allon kwamfuta ce, BIOS a tsofaffin na'urori, UEFI a na zamani. Ita ke duba ƙarfe, ta nemo ɗan sashen faifai da aka ware don tashi, ta miƙa ragama ga mai lodi, wanda a mafi yawan Linux sunansa GRUB. Shi GRUB ya ɗauko fayiloli biyu daga jakar /boot ya zuba su a ƙwaƙwalwa: kenel, mai suna vmlinuz, da wani ƙunshin kayan aiki mai suna initramfs. Kenel ya yi amfani da ƙunshin ya gano babban sashen faifai ya ɗaura shi, sannan ya tada manhajar farko, systemd, wadda ke tada sauran hidimomi har a kai ga allon shigar da kalmar sirri. Kowane zango da irin alamar faɗuwarsa. Wanda ya ga "grub rescue>" ya san ba a ma kai ga kenel ba. Wanda ya ga "(initramfs)" ya san kenel ya tashi lafiya, faifai ne ya kasa samu. Wanda ya ga baƙin allo bayan tambarin Ubuntu ya wuce, mai yiwuwa komai ya tashi, hoto ne kawai ya ƙi fitowa.

Kafin a shiga bincike, akwai ƙofar da mutane da yawa ba su san an bar musu a buɗe ba. A Ubuntu da Debian da Fedora, sabon kenel ba ya hawa kan tsohon ya shafe shi, gefensa ake ajiye shi. Fedora na riƙe guda uku. Ubuntu na barin aƙalla na baya guda. Mai kwamfuta ya kunna, ya riƙe Shift in BIOS ce, ko ya rinƙa taɓa Esc in UEFI ce, jerin GRUB zai bayyana. Ya shiga "Advanced options", ya zaɓi kenel mai lamba ƙasa da na sama, ya danna Enter. Sau da yawa cikin minti biyu yana kan teburin aikinsa.

An ga amfanin wannan ƙofa a Janairun 2018, lokacin da aka bankaɗo ramukan tsaro na Meltdown da Spectre a cikin masarrafan kwamfuta, kowane kamfani ya shiga rige-rigen fitar da gyara. Canonical, kamfanin da ke fitar da Ubuntu, ya tura wa masu Ubuntu 16.04 kenel mai lamba 4.4.0-108, sai ga wasu kwamfutoci sun ƙi tashi da shi. Waɗanda suka san jerin GRUB suka koma tsohon kenel suka ci gaba da aiki, har kamfanin ya fitar da 4.4.0-109 ba da jimawa ba. A wannan watan ne kuma Microsoft ya dakatar da tura nasa gyaran ga wasu kwamfutoci masu tsofaffin masarrafan AMD, bayan sun ƙi tashi su ma. Arch Linux ya bambanta a nan, domin shi sabon kenel yana maye gurbin tsohon ne kai tsaye, shi ya sa gogaggun masu amfani da shi ke girka linux-lts a gefe, ya zama na ko-ta-kwana.

Komawa tsohon kenel sauƙi ne na ɗan lokaci, kuma shaida ce: in tsohon ya tashi, ƙarfe lafiya lau, faifai lafiya lau, matsalar tana tare da sabon kenel ko abin da aka gina masa. Saura a gano wanne.

Mataki na gaba shi ne a sa kwamfutar ta yi magana. Ubuntu da 'yan'uwansa suna ɓoye bayanan tashi a bayan tambari mai kyau, da kalmomi biyu a layin umarnin kenel, quiet da splash. A jerin GRUB, mutum ya tsaya kan sabon kenel ya danna harafin e, ya nemi layin da ya fara da linux, ya goge kalmomin nan biyu, ya danna F10. Canjin na wannan tashin ne kaɗai, ba ya zama, don haka babu abin tsoro. Layuka za su kwararo a allo, inda suka tsaya a nan ake neman laifi. A ɗauki hoton allon da waya, domin in faɗuwar ta zo kafin a ɗaura faifai, babu inda aka rubuta ta. In kuwa an ɗan yi nisa kafin a faɗi, to bayan an koma tsohon kenel umarnin journalctl -b -1 zai nuna tarihin tashin da ya gabata, a ƙara masa -p err ya tsamo kurakurai zalla.

Saƙon da ya fi tayar wa sababbin shiga hankali shi ne "Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Da ganinsa sai mutum ya ɗauka faifai ya mutu. Ma'anarsa kawai ita ce kenel ya tashi ya duba bai ga faifan da aka ce ya ɗaura ba, sifili biyun nan kuma suna nufin ko na'urar ma bai gane ba. Mafi yawan lokuta laifin yana ga initramfs, kuma ya kamata a ɗan dakata a kansa, domin wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin matsalar.

Kenel na buƙatar direba kafin ya karanta faifai, direban kuma a kan faifan yake ajiye. In faifan a kulle yake da kalmar sirri, ko an haɗa faifai da yawa sun zama ɗaya, akwai ƙarin kayan aikin da ake buƙata kafin a buɗe shi, su ma a ciki suke. Mafitar da aka samo ita ce a tattara waɗannan direbobi da kayan aiki a ɗan ƙunshi guda, GRUB ya miƙa wa kenel shi hannu da hannu. Abin lura shi ne, kenel ɗin da mutum ya sauke iri ɗaya ne da na miliyoyin mutane, an gwada shi kafin a sake shi. Initramfs kuwa a kan kwamfutarsa ake gina shi, a daidai lokacin sabuntawa, gwargwadon halin da take ciki. Duk wata larura ta gida a nan take shiga.

Larura ta farko cikar wuri. Wasu tsofaffin girke-girke sun ware wa /boot 'yan ɗaruruwan megabayit kawai, alhali kenel guda da ƙunshinsa na iya cin kusan megabayit 100. Tsofaffi suka taru ba a share ba, sabo ya zo, aka fara rubuta ƙunshinsa wuri ya ƙare. Manhajar sabuntawa takan rubuta "No space left on device", amma a tsakiyar ɗaruruwan layuka wa zai lura? Umarnin df -h /boot na nuna gaskiyar magana cikin daƙiƙa ɗaya. Larura ta biyu kuwa duk wanda ke zaune a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san ta: ɗaukewar wuta. Kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana, ko laftof ɗin gwanjo da batirinsa ya gama yayi, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar girka kenel, sai a tashi da aiki rabi da rabi. Kenel ya sauka, ƙunshinsa bai kammala ba, ko jerin GRUB bai san da shi ba.

Gyaran duka biyun daga tsohon kenel ake yin sa. A share tsofaffin da ba a buƙata da apt autoremove, a duba da uname -r don kada a taɓa wanda ake kai. A ce wa dpkg --configure -a ya ƙarasa abin da aka bari a hanya. A sake gina ƙunshi da update-initramfs -u -k all, ko da -c da lambar kenel ɗin in ƙunshin babu shi sam, a rufe da update-grub. A Fedora da Red Hat sunan magini dracut, a Arch kuma mkinitcpio. Aikin bai kai na minti goma ba.

Baƙin allo labarinsa daban. Linux bai yi wa direbobin da ke wajen kenel alkawarin cewa abin da suka dogara da shi jiya zai kasance yau ba. Direbobin da ke cikin kenel ana gyara su tare da shi. Na waje, irin na katin hoto na NVIDIA, da na wasu katunan wayales na Broadcom, da na VirtualBox, sai an sake gina su duk lokacin da kenel ya canza. Injiniyoyin Dell ne suka ƙirƙiro DKMS a 2003 don ya riƙa yin wannan gini da kansa. Amma in fayilolin linux-headers na sabon kenel ba su sauka ba, ko direban ya tsufa bai dace da sabon zubi ba, ginin zai faɗi, kwamfuta ta tashi babu mai zana mata hoto. Tana raye, tana jira. Danna Ctrl da Alt da F3 tare kan fito da allon rubutu, a shiga da suna da kalmar sirri, dkms status ya nuna direban da bai ginu ba. In ko wannan allon ya ƙi fitowa, ƙara kalmar nomodeset a layin nan na GRUB kan ba da hoto maras kyau amma mai isar a yi gyara.

Akwai kuma mai sauƙi, wanda ke jefa mutum cikin "emergency mode". Galibi fayil ɗin /etc/fstab ne ya ambaci wani faifai da ba a gani ba. Sunaye irin su sda da sdb ba su da tabbas, sabon kenel na iya gano faifai da wani jeri daban. A rubuta lambar UUID da blkid ke nunawa, a sa wa faifan waje nofail, magana ta ƙare.

Inda tsohon kenel ba ya ceto shi ne in faɗuwar ta zo kafin jerin GRUB ya bayyana, kuma a nan manyan kamfanoni suka fi yin tuntuɓe. Tun zuwan Windows 8 a 2012 kwamfutoci ke zuwa da Secure Boot, tsarin da ke hana duk abin da ba shi da sa hannun da aka amince da shi tashi. Linux na bi ta wata 'yar manhaja mai suna shim, wadda Microsoft ke sa wa hannu, ita kuma ta tantance GRUB, shi kuma ya tantance kenel. Ranar 29 ga Yulin 2020 kamfanin Eclypsium ya bayyana wani rami a GRUB da aka laƙaba wa BootHole. Red Hat ya fitar da gyara nan take, sai garin neman gira aka rasa ido: uwayen garke da dama masu Red Hat da CentOS suka sandare bayan tambarin farko. Kamfanin da kansa ya ce a dakata da girkawa. Waɗanda suka riga suka girka sai da suka tashi da faifan ceto suka mayar da tsohon shim da tsohon GRUB.

Shekara huɗu bayan haka, a Agustan 2024, Microsoft ya tura sabuntawar da ke haramta tsofaffin shim masu rauni. Ya ce ba za ta shafi kwamfutocin da ke ɗauke da Windows da Linux tare ba, amma ta shafi da yawa daga cikinsu. Masu su suka wayi gari da saƙon "Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation". Ba su taɓa Linux ɗinsu ba, daga ɗaya ɓangaren abin ya zo. Mafitar da aka bi ita ce a kashe Secure Boot na ɗan lokaci, a shiga Linux a share dokar da mokutil, a sabunta shim, a mayar da Secure Boot. Ɗalibai da yawa suna haɗa manhajojin biyu a laftof guda, don haka tambayar "me aka sabunta na ƙarshe?" ta haɗa da ɓangaren Windows.

A irin wannan hali filashi mai ɗauke da Linux shi ne babban makami, kuma mai gyaran da ba shi da shi a aljihu bai shirya aiki ba. A tashi da shi ba tare da an girka komai ba, lsblk ya nuna sassan faifai, a ɗaura babban sashen a /mnt. Abu na farko, kafin kowane gyara, a kwashe fayilolin mai kwamfuta zuwa wani faifan. Bayan nan a ɗaura /boot da sashen EFI a gurabensu, a jona /dev da /proc da /sys, a buga chroot /mnt. Daga wannan lokaci mutum yana cikin babbar manhajar da ta ƙi tashi, da aron kenel ɗin filashi, yana iya sake gina ƙunshi, ya sake girka GRUB, ko ya cire kenel ɗin da ya kawo rikici. Ko da a ƙarshe an yanke shawarar sake girka komai, an yi shi ne bayan an tsira da kaya.

Wani lokaci kuma duk an duba, wuri bai cika ba, ƙunshi ya ginu, direbobi sun ginu, amma sabon kenel ya ƙi wannan kwamfuta. To laifin na kenel ne da gaske, kuma yakan faru. A Oktoban 2022 wani injiniyan Intel ya yi gargaɗin cewa zubi na 5.19.12 na iya lalata allon wasu laftof, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin masu kula da kenel, ya gaggauta fitar da 5.19.13. A Disamban 2023 Debian ya dakatar da sakin 12.3 saboda kenel 6.1.64 na iya ɓata bayanai a faifai mai tsarin ext4, aka tsallake zuwa 12.4. Masu haɓaka Linux suna ɗaukar wannan al'amari da zafi. Ƙa'idar Torvalds ita ce abin da ke aiki jiya bai kamata sabuntawa ta karya shi yau ba, in ta karya, janye canjin ake yi. Thorsten Leemhuis ma aikin da ya ɗaukar wa kansa ke nan, bin diddigin irin waɗannan koma-baya har a gyara.

Amma ba za su gyara abin da ba a faɗa musu ba. Ubuntu na karɓar rahoto a Launchpad, Fedora a Bugzilla, Debian ta reportbug. Rahoto mai amfani ya ƙunshi samfurin kwamfuta, lambar kenel mai aiki, lambar wanda ya ƙi, da hoton allo. Ɗalibin da ke son ya wuce nan yana da git bisect: a raba canje-canjen da ke tsakanin zubi mai kyau da maras kyau gida biyu, a gina na tsakiya a gwada, a watsar da rabin da ba shi da laifi, a sake rabawa. Gwaji 14 ya isa a tsamo canji guda daga cikin sama da 16,000. Aiki ne mai cin lokaci da wuta, amma wanda ya yi shi sau ɗaya ya koyi abin da zangon karatu guda ba zai koya masa ba, kuma rahotonsa na iya ceton duk mai irin kwamfutarsa a duniya. Kafin gyara ya fito, ana iya zama a kan tsohon kenel, amma zaman wucin gadi, domin yawancin sabuntawa ramukan tsaro take toshewa.

Masu Windows ma ba a bar su haka ba. In ta kasa tashi sau biyu a jere, takan buɗe ɗakin gyara da kanta, a ciki akwai zaɓin cire sabuntawa ta ƙarshe da na shiga Safe Mode. Abin da ke tare hanya shi ne BitLocker. In faifai a kulle yake, sai an kawo mabuɗi mai lamba 48, kuma wannan ne ya tsawaita wahalar ma'aikatu da yawa a rikicin CrowdStrike. A kwamfutocin gida mabuɗin kan tafi asusun Microsoft na wanda ya fara shiga. Wanda ya sayi laftof na hannu, ko aka girka masa a shago da asusun wani, ya bincika tun yau ko mabuɗin yana hannunsa.

A ra'ayin mai wannan lacca, kuskure a kenel ba abin kunya ba ne, babu manhaja mai girman haka da za ta kuɓuta daga shi. Abin zargi shi ne a tura sabuntawa ba tare da hanyar komowa ba. An daɗe da sanin yadda ake yi. Chromebook da wayoyin Android da yawa, tun zubin Android na 7.0 a 2016, suna riƙe gurbi biyu: a rubuta sabuwar manhaja a gurbin da ba a amfani da shi, in ta ƙi tashi na'urar ta koma tsohon da kanta, mai ita bai ma sani ba. openSUSE na ɗaukar hoton tsarin gaba ɗaya kafin kowace sabuntawa, ana iya tashi da shi daga jerin GRUB. Linux Mint na zuwa da Timeshift, mai ɗaukar irin wannan hoto. CrowdStrike ya yi alkawarin tura irin wancan fayil kashi-kashi ne bayan ɓarna ta auku, Microsoft kuma sai a Nuwamban 2024 ya sanar da tsarin gyara kwamfutar da ta ƙi tashi daga nesa. Dabarar gwada kaɗan kafin a saki ga kowa ba ta buƙatar kuɗin babban kamfani. Mai kula da ɗakin kwamfuta 40 a makaranta yana iya yin ta da kwamfuta guda da haƙurin kwana biyu.

Kiran da za a rufe da shi ga malamai ne da masu shaguna. Malamai su ware darasi guda a ɗakin gwaji, su lalata initramfs da gangan a kwamfutar koyo, su bar ɗalibai su tashe ta da hannunsu kafin ranar da abin zai same su da kundin digiri a ciki. Masu kula da kwamfutocin ofis da makaranta kada su fara sabunta kenel sai da cikakken batir ko tabbacin wuta, kuma su bar tsohon kenel a wurinsa har sabon ya yi mako yana aiki. Masu gyara kuma su ji tsoron Allah a kan amanar da aka kawo musu: su karanta abin da allo ya rubuta, su gwada tsohon kenel, su kwashe fayilolin mai kaya, sannan in fomat ya zama dole su faɗa masa dalili kafin su taɓa.